Yadda Na Nemo Maganar Mai Awo

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama nake buɗe baki. Ku matso, ya ku masu kunnen sauraro, in ba ku labarin tafiyar da na yi a ƙasar Zarnu, ƙasa mai rana biyu, wadda kogunanta ke gangarawa sama, wadda ba a shigarta da doki ko jirgi sai ta fuskar kwamfuta. Wasa ne, na sani, kada wani ya wahalar da bakinsa wajen tuna mini. Amma kowane jarumi da ka gani a cikinsa, akwai ɗan Adam zaune a bayansa, a Gusau ko a Damagaram, da halinsa da zuciyarsa.

Sunana Hansatu, ina aikin gwajin jini a wani asibiti a Azare. A Zarnu kuwa Ƙaya ake ce mini, maharbiya a Rundunar Baƙin Gatari. A cikin rundunar nan akwai wani dattijo, Baba Isyaku, tsohon ma'aikacin safiyo, mai awon ƙasa, daga Funtuwa, wanda 'yarsa ta saya wa kwamfuta bayan ya yi ritaya don ya rage zaman kaɗaici. Sunansa na wasa Mai Awo. Bai iya yaƙi ba ko kaɗan, dila ma in ya taso masa sai ya ba shi hanya. Aikinsa yawo, yana auna tsaunuka yana zana taswira, matasa suna ta yi masa dariya.

To, wannan dattijo shi ya gano abin da dubban jarumai suka shekara biyar suna nema: sirrin buɗe Ƙofar Tagulla, wadda ke jikin Dutsen Ƙarshe. A yawonsa ya taka wani tudu, ashe bayan kunkuru ne mai girman gari. Kunkurun ya ɗago kai ya faɗa masa sharuɗɗan ƙofar, ya koma cikin yashi. Haka waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka tsara shi, sau ɗaya tak zai yi magana, ga mutum ɗaya tak. Baba ya zauna ya rubuta mana komai a akwatin hirar runduna. Kwana biyu bayan haka ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gidansa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ƙi magana.

Akwatin hirar nan kuwa ba ya riƙe zance fiye da kwana uku, sabo yana ture tsoho. Kafin hankalinmu ya dawo daga jajen rashin lafiyarsa, maganar ta gushe. Sai kuma shela ta bayyana a sararin samaniyar Zarnu da jan rubutu: saura kwana tara a sabunta ƙasar, a shafe Dutsen Ƙarshe da ƙofarsa. Wanda ya buɗe ta kafin nan, za a sassaƙa sunansa a dandalin babban birni har abada.

Shugaban rundunarmu, Dakare, mai sulken baƙin ƙarfe, wanda ba wanda ya san sunansa na yanka, ya tara mu a zaurenmu da aka gina cikin haƙarƙarin wani ƙaton kifi. Ya ce, “Na tuna rabin abin da tsohon nan ya rubuta. Sauran rabin, gatari zai cike shi. Idan ƙofa ta buɗe, sunan shugaba za a rubuta, haka al'ada take.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wa ya taka kunkurun?”

Ya ce, “Wanda ya taka shi yana kwance, ko cokali ba ya iya ɗagawa. Sunan mara lafiya zai amfane shi da me?”

Na ce, “Kai da kake da lafiya, sunan sata zai amfane ka da me?”

Mutum sittin ne a wurin, ba wanda ya ɗaga kai. Dakare ya kore ni nan take, sai kawai na ga tambarin gatari ya ɓace daga kafaɗata, ƙasa ta tsage, na tsinci kaina a bakin hanya, ni da bakana da kibau goma sha biyu. Na miƙe na karkaɗe jikina. Na aika masa saƙo ɗaya: “Maganar Baba tana wani wuri, kuma sai na nemo ta. Ka wasa gatarinka.”

Na fara da Kasuwar Jimina. Wannan kasuwa a bayan wata jimina take, wadda tsayinta ya kai gajimare, tana tafe ba ta tsayawa, rumfuna suna lilo a tsakanin gashinta. Ba a hawanta sai a jira ta sunkuya shan ruwa a kama wuyanta. Duk wani labari na Zarnu, na gaske da na ƙarya, a nan ake baje shi. Na yi cigiya rumfa rumfa, har wani mai rawani kore ya yafuto ni, ya ce yana da hoton hirar ranar, wani ɗan rundunarmu ne ya ɗauka. Ya shimfiɗa mini shi. Ga sunan Mai Awo, ga kwanan wata, komai daidai. Na fara karantawa: “Ku tafi mita ɗari gabas da dutsen.”

Na tsaya. Na ce, “Malam, wa ya rubuta wannan?”

Ya ce, “Tsohon mana, ga sunansa.”

Na ce, “Baba Isyaku bai taɓa cewa mita a Zarnu ba. Ya ce mita ta gwamnati ce, ya bar ta a ofis ranar da ya ajiye aiki. Da taki yake awo. Kuma ko gobara ake yi, ba ya fara rubutu sai ya yi sallama. Wa ya aiko ka?”

Mai rawani ya ja da baya. Sai ga 'yan Baƙin Gatari shida sun fito daga bayan rumfuna. Ashe Dakare ne ya kitsa, yana so in bi taswirar ƙarya in ɓata kwanakina a jeji. Da dabara ta ƙi, sai aka koma ga ƙarfi. Gabana takubba, bayana sarari, ƙasa can nesa kamar faifai. Na zare kibiya, amma ban harbi kowa ba. Na soka ta a fatar jiminar, daidai gindin wani gashi mai tsawon kwalekwale. Jimina ta ji zafi ta girgiza, rumfuna suka kife, mutanen Dakare suka zube kan juna, gashin ya tuge. Na rungume shi, iska ta ɗauke mu, muka yi ta shawagi har na sauka lafiya a bakin Hamadar Madubi.

A cikin iskar nan ne na tuna da Asabe. Wata baiwar Allah ce daga Maraɗi, kurma ce, ba ta jin hirar murya da runduna ke yi lokacin yaƙi. Saboda ita kaɗai Baba yake rubuta komai maimakon ya faɗa da baki. Ta taɓa gaya mini cewa ta kunna wani maɓalli da ke sa kwamfutarta ta adana duk rubutun da ya gitta, don ta karanta a natse. Ta bar rundunar washegarin ranar da Baba ya faɗi, ta rufe ƙofar saƙonninta, aka ce ta koma kiwon raƙuman gilashi a Tafkin Shuɗi, can bayan hamadar. Ba hanyar yi mata magana sai a tsaya a gabanta.

Hamadar Madubi kuwa, ku nemi tsari da ita. Yashinta garin madubi ne, kuma duk wanda ya ga fuskarsa a ciki, sai wani irinsa sak ya taso, da makami irin nasa, ya far masa. Ranar farko na kashe Ƙaya uku, ta huɗu ta kashe ni. Wanda aka kashe a Zarnu, a babban birni yake farkawa, tafiyar yini guda, ya bar rabin kayansa a inda ya faɗi. Na dawo. Rana ta biyu ma haka, har takalmana suka tafi. Na tashi daga aiki a gajiye, na zauna gaban kwamfuta, yayata tana cewa, “Hansatu, wai ke me aka ajiye miki a cikin abin nan?” Na ce, “Amana, Yaya.”

Rana ta uku na zauna a bakin hamadar na yi tunani. Na gane ba a cin kai da yaƙi, duk ƙarfin da na ƙara ita ma ta ƙara. Sai na koma wani kududdufi, na shafe jikina da taɓo tun daga kai har ƙafa, na ɗaga fuskata sama na kafa ido a kan ƙaramar rana, na shiga. Ina jin yashi yana motsi, yana neman fuskar da zai kwaikwaya, bai samu ba. Sau biyu wani dunƙulen taɓo ya taso a gefena, ba ido ba hannu, ya yi tangaɗi ya rushe. Haka na ƙetare, ban sunkuyar da kai ko sau ɗaya ba.

Na sami Asabe a bakin tafki, raƙumanta wajen ɗari uku suna shan ruwa, ana hango ruwan yana gangarawa cikin wuyansu. Na rubuta mata sallama. Ta amsa a rubuce.

“Wa alaikumus salam. Mi ya kawo 'yar Baƙin Gatari nan?”

“Sun kore ni, Yaya Asabe. Kundin hirarki nake nema, na ranar da Baba ya ga kunkuru.”

“Shekara biyu ina cikinku. In an shiga yaƙi kowa ya koma murya, ni in tsaya kamar turke. Mutum guda ne ke juyowa ya rubuta mini abin da ake ciki. Da ya kwanta, wa zan zauna dominsa? Yanzu kuma an tuna da kurma, saboda tana da abin da ake so.”

Ban kare kaina ba, don gaskiya ta faɗa. Na rubuta, “Ina cikin waɗanda suka yi miki haka. Ba don ni za ki ba da ba. Dakare zai sa sunansa a inda na Baba ya kamata ya kasance.”

Raƙumi ɗaya ya zo ya shinshina ni ya wuce. Sannan ta rubuta, “Wannan kwamfutar sabuwa ce. Tsohuwar kuwa, fuskarta ta fashe, tana saman kwaba. Ki jira.”

Jiran ya ci yini guda. Ta sauko da ita, ta jona ta da talabijin, ta ƙi tashi. Ta kai wa mai gyara a kasuwa, ya ce batir ne, aka jona mata wuta kai tsaye. Da ta tashi, sai ga fayiloli sun fi ɗari bakwai, kowanne sunansa lambobi ne zalla. Muka bi su da kwanan wata, muka buɗe na ranar, ba komai a ciki sai cinikin sirdi. Na ce shi ke nan, maganar ta ɓace. Asabe ta ce, “Kada ki yi gaggawa. Agogon wannan kwamfuta ya daɗe da haukacewa, yana baya da kwana goma sha ɗaya.” Ta ƙirga, ta buɗe wani. Sai rubutu ya fara zubowa a gabana, layi bayan layi, kamar mai shi yana zaune tare da mu.

“Salamu alaikum jama'a. Yau Allah ya nuna mini abin mamaki. Ga abin da kunkuru ya ce. Na ɗaya, a je lokacin da ƙaramar rana ta shiga bayan babba. Na biyu, akwai karyayyar kuka a gaban dutsen, daga gindinta zuwa ƙofa taki arba'in ne, kuma duk mai ɗauke da makami ƙasa za ta tofar da shi baya. Na uku, ba a gudu, takawa ake yi. Na huɗu, wanda kunkuru ya yi wa magana, shi zai ɗora hannu a kan ƙofar, ba wani ba. Ƙaya, 'yata, kina nan? Ke nake so ki raka ni, don kin san ni da tsoro.”

A ƙarƙashin wannan sai ga amsata, da sunana, ba mai iya musu: “Baba ka cika dogon rubutu, muna tsakiyar yaƙi. Gobe ma yi magana.”

Na janye hannuna daga madannai. Ni da nake ta hura hanci ina zagin Dakare, ashe ko karantawa ban yi ba. Asabe ma ta gani. Can ta rubuta, “Saura kwana uku. Kuka ko tafiya?”

Na ce, “Tafiya.”

Amma sharaɗi na huɗu ya tsaya mana a wuya. Na nemo lambar 'yar Baba, Lubabatu, na kira ta da hantsi. Na gaishe ta, na tambayi mai jiki, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. Muryarta ta canja.

“Baiwar Allah, kin san abin da kike faɗa? Mahaifina yana kwance, ni nake juya shi, ni nake ba shi abinci a baki. Ke kuma ki kira ni a kan wasa?”

Na ce, “Kina da gaskiya, Anti. Ba zan ja da ke ba. Abu ɗaya nake roƙo. Zan turo miki rubutunsa, ki karanta masa. In bai motsa ba, wallahi ba za ki sake jin muryata ba.”

Ta kashe wayar ba sallama. Na tura. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Sai ga kiranta, tana magana ƙasa ƙasa. “Na karanta masa. Ya yi ta dukan katifa da hannun hagu, yana nuna inda kwamfutar take. Tun da ya kwanta bai nemi komai ba, ko ruwa sai mun tilasta masa. Yaushe ne abin naku?”

Ranar ƙarshe, ranar Asabar, muka isa Dutsen Ƙarshe da rana tsaka. Dakare ya kafa sansani a gaban kukar da mutum sama da ɗari biyu, don ya gayyato wasu rundunoni. Kwana takwas suna afka wa ƙofar, ƙasa tana watso su baya kamar tsakuwa, shi kuwa yana cewa a ƙaro makamai. Mu uku ne a kan tudu: ni, da Asabe, da Mai Awo cikin tsohuwar rigarsa ta yawo, wanda Lubabatu ta tallafo a kan gado ta ɗora masa kwamfuta a cinya. Da yatsa ɗaya na hagu yake tuƙa shi. Ya yi gaba ya bugi dutse, ya juya ya bugi raƙumi. Taki arba'in a wurinsa tafiyar shekara ce.

Dakare ya hango mu. Ya rubuto a fili, kowa yana gani: “Ƙaya, ki ba ni kundin, in mayar da ke runduna, in naɗa ki mataimakiyata.”

Na ce, “Kundin ba nawa ba ne, kuma ko na ba ka ba zai yi maka amfani ba. Ƙofar ta san mai ita.”

Ya ce, “To ba mai wucewa. In ban buɗe ba, a shafe ta a rufe.”

Na ce, “Sai ka tare mu gani.”

Ƙaramar rana ta fara shiga bayan babba, haske ya ninku. Asabe ta yi fito, raƙuman gilashi ɗari uku suka kwararo daga kan tudu. Hasken rana biyu ya ratsa jikinsu ya tarwatse, filin ya zama fari fat, ba mai ganin na kusa da shi. A cikin wannan ruɗani muka ratsa sansanin, Baba a tsakiyarmu, muna tura shi da kafaɗa in ya karkace. Da muka isa gindin kuka, na cire bakana da na shekara uku ina ƙawata shi, na jefar, na jefar da kibau da 'yar wuƙar da ke ƙuguna. Muka taka. Ƙasa ba ta motsa ba.

Taki goma. Taki sha biyar. Raƙuma suka wuce, idanu suka washe. Dakare ya rugo da gatari, ƙasa ta ɗaga shi ta maka shi a kan tantinsa. Sai ya yi ihu a kira maharba, don ya gane mutum ne ba ya wucewa da makami, kibiya kuwa tana wucewa. Na koma bayan Baba na tsaya, na buɗe hannuwa, ina takawa da baya da baya, fuskata tana kallonsu. Asabe ta tsaya a gefena. Kibiya ta farko ta same ni a kafaɗa, ta biyu a ciki. Ina kallon jinin jikina yana raguwa a saman allo, ina ƙirga takun Baba da baki. Ashirin da takwas. Talatin. Ya tsaya cak, yatsansa ya zame, ya juya yana fuskantar hagu. Asabe ta faɗi. Na ga wasu daga cikin maharban sun sauke baka, ɗaya ya rubuta, “Haba, Mai Awo ne fa,” Dakare yana ta zaginsu. Waɗanda suka rage suka ci gaba. Baba ya gyara, ya taka. Talatin da huɗu. Na rubuta wa Dakare kalma uku, “Ƙara, ban faɗi ba,” ko huɗu ne, ban tsaya ƙirgawa ba. A taki na talatin da bakwai allo ya yi baƙi.

Na farka a babban birni, ba baka, ba takalmi, tafiyar yini guda tsakanina da dutsen. Na zauna a bakin dandali ina kallon sama. Ba komai. Na ce shi ke nan, sun same shi. Sai ƙasa ta yi wata irin girgiza, tantabaru suka tashi, wani dogon dutse ya tsiro a tsakiyar dandalin, rubutu yana cin jikinsa kamar wuta: MAI AWO.

Ban taɓa ganin abin da ke bayan Ƙofar Tagulla ba, kuma ba zan gani ba, don da yamma aka shafe ta. Amma kafin nan wayata ta yi ƙara. Lubabatu ce, ina jin wani sauti a bayanta, rabi dariya rabi tari.

Na ce, “Anti, don Allah me ke ciki? Zinariya ce? Fada ce?”

Ta ce, “Ba komai fa. Fili ne kawai, ciyawa kore har iyakar gani, da wasu tsaunuka can nesa.” Na ji tana jan hanci. “Tafiya yake ta yi a ciki, Hansatu. Na ce ya huta ya sha magani, ya ture hannuna. Ya ƙi tsayawa.”

Na ce, “Ki bar shi ya taka.”

Nan tafiyata ta tuƙe, nan kuma bakina ya tsaya. Abin da na ƙara, Allah ya yafe mini. Abin da na rage, yana wurin Asabe a rubuce.